Bayotin da Allurar Kwalliya: A Binciki Jiki Kafin a Miƙa Hannu

Gyaran jiki ba baƙo ba ne a ƙasar Yobe. Tun kafin a san kantin kayan kwalliya, matan wannan yanki, daga Potiskum zuwa Damaturu har Gaidam, sun gaji dilka da halawa da lalle da turaren wuta daga iyaye da kakanni, kuma ba a kai amarya ɗakinta sai an zaunar da ita an gyara ta. Sai dai duk waɗannan a bayan fata suke tsayawa. Wanda bai karɓi mace ba, ta wanke ta huta. Abin da ya shigo a 'yan shekarun nan kuwa cikin jiki yake nufa. Tallansa na zuwa ta waya, a TikTok da Instagram da zaurukan WhatsApp, kuma yarinyar da ke Potiskum tana ganinsa a daidai lokacin da ta Kano ko ta Abuja ke gani: ƙwayoyin tsawon gashi, allurar bitamin, ƙarin ruwa na hasken fata. Sunan da ya fi fitowa daga bakin masu tallan shi ne bayotin. Gaskiyar magana, bayotin sinadari ne da jiki ba ya rayuwa sai da shi, amma abin da jiki ke nema ɗan mitsitsi ne, abincinmu na yau da kullum yana ɗauke da shi, kuma mai lafiyar da ya miƙa hannu a soka masa shi don kwalliya ya ɗauki kasada a kan ribar da ba a tabbatar ba.

Bayotin ɗaya ne daga dangin bitamin B, shi ne ake kira B7. Aikinsa shi ne taimaka wa wasu sinadarai biyar da ke sarrafa abin da muka ci, wato sitaci da maiƙo da furotin, su mayar da shi ƙarfi da kayan ginin jiki. Da yake fata da gashi da farce kullum cikin sabuntawa suke, idan ya yi ƙaranci a nan ake fara ganin alama. Ta hanyar ƙwai aka gano shi. A 1927 wata mai bincike a Landan, Margaret Boas, ta lura cewa ɓerayen da ake ciyarwa da farin ƙwai marar dahuwa gashinsu na zubewa, fatarsu na lalacewa, kuma hanta na kare su daga wannan cuta. A 1936 Fritz Kögl da Benno Tönnis a ƙasar Holan suka tace sinadarin daga gwaiduwa, sai da suka sarrafa kimanin kilo 250 kafin su sami miligiram ɗaya da ɗan ɗoriya. A 1942 wani likita a Amurka, Virgil Sydenstricker, ya ɗora wasu masu sa-kai a kan abinci mai yawan ɗanyen farin ƙwai. Cikin makonni fatarsu ta bushe tana saɓa, kasala da damuwa suka rufe su, da aka ba su bayotin suka warware. Darasin gwajin a fili yake: sai da aka yi dabara ta musamman kafin a iya jefa lafiyayyen mutum cikin ƙarancin bayotin.

Dalili kuwa shi ne buƙatar ba ta da yawa. Tun 1998 masana abinci a Amurka suka ƙayyade cewa maikurogiram 30 a rana ya wadaci baligi, mai shayarwa kuma 35. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, abin da ido ba ya gani. Dafaffen ƙwai guda yana ba da kimanin maikurogiram 10, hantar sa mai nauyin giram 85 kuwa tana ba da kusan 31, wato buƙatar yini sukutum. Akwai shi a gyada da ƙuli-ƙuli, da waken suya, da dankalin Hausa, da kifi, da nama, har ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinmu suna ƙera wani abu daga ciki. Potiskum gari ne da kasuwar shanunsa ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kasuwar hatsinsa na ciyar da garuruwa masu nisa, kifin fadamun Gashuwa da Nguru na sauka a cikinsa, ƙwan zabi na wadata da damina. A irin wannan gari, duk wanda ke samun ci na yau da kullum da wuya ya rasa bayotin. A gwada wannan da abin da ke rubuce a jikin kwalaben da ake talla: maikurogiram 5,000 ko 10,000 a ƙwaya ɗaya. Ta biyun ta ninka buƙatar jiki sau fiye da 300.

Duk da haka ƙarancin bayotin cuta ce ta gaske, kuma ya kamata a san kamanninta. Gashi yakan yi sirara ya zube, ba na kai kaɗai ba, har gira da gashin ido. Jan ƙurji mai saɓa yakan fito kewaye da ido da hanci da baki da matsematsi, ido ya yi ja, farce ya riƙa karyewa. Idan abin ya yi nisa sai kasala da damuwa da mutuwar yatsu su biyo baya, jariri kuwa jikinsa ya saki ko ya riƙa jijjiga. Waɗanda abin ya fi shafa sanannu ne: masu farfaɗiya da suka daɗe suna shan magunguna irin su kabamazafin da fenitoyin da fenobabiton, mashaya giya, masu ciwon hanjin da ke hana tsotse abinci, da majinyatan da aka daɗe ana ciyar da su ta jijiya. Bincike ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu juna biyu kan sami ɗan ƙaranci marar tsanani. Akwai kuma cutar gado, wadda ke kama kimanin jariri ɗaya cikin 60,000, inda jiki ba ya iya sake amfani da bayotin ɗin da ke cikinsa. Irin wannan yaro bayotin na iya ceto jinsa da ganinsa da ransa, kuma zai sha shi har ƙarshen rayuwa. Ga waɗannan mutane bayotin magani ne, a hannun likita, kuma yawancinsu ta baki ake ba su.

A cikin hanyoyin kamuwa da wannan ƙaranci akwai guda da ta shafe mu kai tsaye. Wasu matasa masu neman ƙiba ko ƙarfi, da wasu masu neman ƙarin jini, sukan fasa ɗanyen ƙwai a cikin madara ko lemon malt su shanye, da yaƙinin cewa ɗanye ya fi dafaffe amfani. A cikin ɗanyen farin ƙwai akwai wani furotin mai suna abidin wanda ke damƙe bayotin a hanji ya hana jiki tsotsarsa. Wuta na kashe wannan ƙarfi nasa. Shan ɗanyen ƙwai sau ɗaya ko biyu ba ya jawo ƙaranci, amma wanda ya mayar da shi abin kullum na tsawon watanni yana maimaita gwajin 1942 ne a kan kansa, ban da haɗarin gudawa da zazzaɓi daga ƙwayoyin cuta. A ɗaya gefen kuma ga tsohon camfin nan da ke hana yara ƙwai wai kada su tashi da sata. Gyaran waɗannan biyu, a dafa ƙwai kuma a ba yara, ya fi kowace kwalba amfani ga unguwa.

Tambayar da masu talla ba sa son a tsaya a kanta ita ce: wanda ba shi da ƙaranci, idan ya ƙara bayotin, gashinsa zai ƙaru? A 2017 wasu likitocin fata a Amurka suka tattara duk rahotannin da aka buga a kan bayotin da gashi da farce. Rahoto 18 suka samu inda aka ga sauƙi, kuma a dukkansu majinyacin yana da wata cuta ko ƙaranci tun farko. Ba su sami gwaji ingantacce da ya nuna yana ƙara wa lafiyayye gashi ba. Batun farce kuwa daga likitocin dabbobi ya samo asali, domin sun daɗe suna ba dawaki bayotin idan kofato na tsagewa. Daga nan aka yi wasu ƙananan gwaje-gwaje a Suwizalan wajen 1990 a kan mata masu karyewar farce, aka ga ɗan ƙarin kauri, amma mutanen kaɗan ne ƙwarai, kuma ta baki aka ba su. Potiskum garin manyan motoci ne, kowane direba ya san inji ba ya tafiya sai da baƙin mai, ya kuma san injin da mansa ya cika ba ya ƙara gudu don an ƙara masa galan. Haka bayotin yake a jiki: rashinsa na kawo cikas, rararsa ba ta ƙara komai, ƙoda ce ke tace ta ta fita da fitsari.

Abin da ya fi damun mai tunani shi ne, zubewar gashi sau da yawa saƙo ne daga jiki, kwalbar bayotin kuma na sa a ƙi sauraron saƙon. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini na cikin sanannun dalilan zubewar gashi ga mata. Haihuwa ma dalili ce: wata biyu zuwa huɗu bayan sauka, gashin da ciki ya riƙe yakan zube a lokaci guda. Zazzaɓi mai tsanani, na cizon sauro ko taifot, yakan yi haka bayan wata biyu ko uku. Ga ciwon maƙoƙo, ga matsattsen kitso da ƙarin gashi masu cinye goshi, ga man miƙar da gashi mai ƙona fatar kai, ga makero a kan yara. Yaron da gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, tamowa ke damunsa, abinci mai gina jiki da asibiti yake buƙata cikin gaggawa. Ko ɗaya daga waɗannan bayotin ba ya warkar da shi. Matar da jininta ya yi ƙasa, ta shafe wata shida tana shan ƙwayar gashi, ta yi asarar kuɗi da lokaci, ciwon kuma yana nan yana cin ta.

Wata za ta ce ita ganau ce, ta sha ta ga aiki. Ba a ƙaryata idonta, amma a duba lokacin da ake fara shan. Mace ba ta neman maganin gashi sai zubewar ta kai maƙura, kuma zubewar bayan haihuwa ko bayan zazzaɓi da kanta take tsayawa. Yawanci cikin wata shida gashi ya fara dawowa, kafin yaye ya koma kusan yadda yake. Duk abin da aka sha a wannan tsakani shi zai karɓi yabo, ko da ruwan randa ne. Ban da haka, wadda ta sayi magani mai tsada takan sassauta kitso, ta rage man miƙarwa, ta kula da ci, waɗannan kuwa suna aiki da gaske. Gashi kimanin santimita ɗaya yake tsiro a wata, ba allurar da ke sauya wannan ma'auni, saboda haka hoton da ke nuna gashi ya sauka kafaɗa cikin mako biyu ba aikin bitamin ba ne.

Wani kuma zai ce tunda rarar na fita da fitsari, ai ba asara sai ta aljihu. Gaskiya ne bayotin ba ya cikin bitamin masu taruwa su zama guba. Haɗarinsa a ɗakin gwajin jini yake. Na'urori da yawa na zamani da bayotin suke aiki wajen auna sinadaran jini, idan jinin majinyaci ya cika da shi sai sakamakon ya karkace. Gwajin maƙoƙo kan nuna cuta ga wanda ba shi da ita, har a ɗora shi a kan maganin da ba ya buƙata. Mafi muni shi ne gwajin turofonin, wanda da shi ake gane bugun zuciya: bayotin na iya sa ya fito ƙasa, a ce wa mai ciwon zuciya lafiyarsa ƙalau. A watan Nuwamba na 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka, ta ambaci rahoton mutuwar majinyaci guda, ta kuma sabunta gargaɗin a 2019. Mai ciwon ƙoda ya fi shiga wannan haɗari, domin bayotin kan daɗe a jininsa. Mutumin da aka tura daga Potiskum zuwa asibitin koyarwa na Damaturu ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke Nguru don gwaji, in bai faɗa wa likita yana shan ƙwayar gashi ba, yana iya dawowa da takardar da ba ta faɗi gaskiyar jikinsa ba.

Hujjar da ta fi kama zukata a wajenmu ita ce allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Mutane da yawa ba sa jin an yi musu magani sai an soka musu allura ko an sa musu ruwa. A wasu cututtuka hakan daidai ne, a kan bayotin kuwa ba shi da tushe, domin an auna an ga hanji na tsotse kusan dukkan wanda aka sha ta baki, ko da mai yawa ne. Allurar ba ta ƙara amfani, ƙofar haɗari kawai take buɗewa. Fata katanga ce, duk wanda ya huda ta ya ba ƙwayoyin cuta hanya: ƙurji mai ruwa a wurin allura, rauni ga jijiyar ƙafa idan aka soka ba daidai ba, gubar jini, ko borin jiki mai toshe numfashi cikin mintoci, wanda ɗakin gyaran jiki ba shi da kayan tararsa. Wani binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, mafi yawansu ba su sani ba, kuma sirinji ko kwalbar magani da aka yi tarayya ta isa ta yaɗa shi. Masar ta ɗanɗana wannan: allurar tsargiya da aka yi wa miliyoyin mutane daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba ta yaɗa ciwon hanta nau'in C, har a 2008 aka tarar kusan mutum ɗaya cikin bakwai na manyan ƙasar ya taɓa kamuwa.

Sannan ruwan kwalliya da wuya ya zama bayotin zalla. Akan haɗa shi da bitamin C mai yawa da gulutatayon, wanda ake sayarwa da sunan hasken fata. Tun 2011 hukumar magunguna ta Filifin ta gargaɗi jama'arta cewa allurar gulutatayon don haske na iya jawo mummunan saɓewar fata da matsalar ƙoda da ta maƙoƙo. Bitamin C mai yawa ta jijiya na iya haifar da tsakuwar ƙoda, kuma ga masu raunin jinin nan na gado da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a Najeriya, yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini. A watan Fabrairu na 2023, a Kano, hukumar abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, tana kafa hujja da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da kayan hasken fata. Allura sabon babi ne na wannan matsala, an lulluɓe shi da sunan bitamin don ya yi daɗin ji. Ba wanda ke ɗora ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da kewayenta a kan allurar kwalliya, amma mutanen Yobe sun san abin da wankin ƙoda ke yi wa gida da dukiya, bai kamata su buɗe wa ƙodarsu wata sabuwar hanyar wahala ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Za a iya cewa ai likitoci ma suna yin allurar bitamin. Suna yi, kuma tana ceton rai: bitamin K ga jariri sabon haihuwa don hana zubar jini, B12 ga wanda cikinsa ba ya iya tsotsarsa, sinadarin ƙarfe ta jijiya ga mai cikin da jininta ya yi ƙasa sosai. A kowanne an gano cuta ko haɗari, an auna adadi, an san abin da ke cikin kwalba, akwai mai ɗaukar alhaki. Lasisin mai kemis na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, bai ba shi ikon sa wa mutum ruwa a jijiya ba, balle mai gyaran jiki ko mai talla a waya. Akwai kuma uzurin da ya cancanci tausayi: layin asibiti dogo ne, gwaji da kuɗi, mace kuma na cikin matsi, amarya na son ta fita kunya, uwargida na tsoron a ce ta tsufa. Wannan matsi gaskiya ne, kuma maza na da babban kaso a cikinsa. Magidancin da ke yaba farar fata a gaban matarsa, ko yake gorin gashin da haihuwar 'ya'yansa ta zubar, shi ke tura ta hannun mai sirinji. Amma ko ta fuskar kuɗi, gwajin yawan jini na cikin mafiya araha a asibiti, kuma ya fi a yi ta sayen kwalba wata bayan wata a kan zato.

Saboda haka, 'yar'uwa, idan gashinki na zuba fiye da kima, ki tuna ko kin haihu ko kin yi zazzaɓi a watannin baya, ki sassauta kitso, ki je a auna jininki, a duba maƙoƙo idan likita ya ga dama. Mai ciki ta riƙe awo da magungunan da ake ba ta a can. Mai farfaɗiya da ya ga ƙurji ko zubewar gashi ya koma wa likitansa, kada ya daina magani da kansa. Duk mai shan ƙwayar bayotin ya faɗa kafin a ɗebi jininsa, domin akan nemi a dakata kwana biyu zuwa uku. A duba lambar NAFDAC a jikin duk abin da za a sha, kuma kada a yarda da allura ko ƙarin ruwa a wajen asibiti, komai daɗin bakin mai talla. Masu gyaran amare su tsaya ga sana'ar da suka gada, su bar jijiya ga ma'aikatan lafiya. Magidanta su kawo ƙwai da hanta da gyada gida, su kuma kama harshensu. Hukumomin lafiya na jiha da malamai da sarakunanmu na Fika da Pataskum su sa baki tun abin bai zama ruwan dare ba, domin lafiyar matan gari amana ce a wuyan kowa.